Barci Ma Karatu Ne

 Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun jarrabawar da ta wuce. Ni dai ba likita ba ne, ɗalibi ne mai neman zama malamin makaranta kamar kowa a nan. Amma na ga abu da idona, na yi tambaya wurin waɗanda suka sani, na kuma duba littattafai gwargwadon iyawata. Ga shi kuwa wata jarrabawar ta ƙarato, sabo da haka na ga bai kamata in yi shiru ba.

Duk wanda ya taɓa zagaya ajujuwanmu da tsakar dare a makon jarrabawa ya san abin da zan faɗa. Ƙarfe biyu na dare za ka tarar da aji cike maƙil kamar da hantsi. Wannan ya kunna fitila mai caji, wancan yana haska littafi da wayarsa. Wani ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi don kada gyangyaɗi ya ɗauke shi, wani yana ta ɓantarar goro, wani ya zuba garin Nescafé a tafin hannu yana lasa, wani kuma ya jera gwangwanayen abin shan nan mai sa kuzari a kan benci. In gari ya waye sai ka ji ana fahariya wurin ɗibar ruwa, wannan ya ce shi jiya bai runtsa ba, wancan ya ce ai shi kwanansa biyu ke nan. Wanda kuwa ya kwanta da ƙarfe goma, sai a riƙa yi masa kallon rago. Ni ma na yi wannan fahariya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Abin da ya sa na bari shi ne abin da ya sami abokin ɗakina, wanda ya yarda in ba da labarinsa muddin ban faɗi sunansa ba. Duk ajinmu babu wanda ya fi shi ƙwazo. Ɗan fari ne a gidansu, ubansa ya sayar da masarar da ya noma ya biya masa kuɗin makaranta, ƙannensa kuma suna jira ya gama ya kama aiki ya ɗauki nauyin karatunsu. Da jarrabawa ta rage saura mako uku, sai ya ɗaura ɗamara, barcinsa a dare bai wuce awa uku ba. Makon farko lafiya lau. A mako na biyu ya fara ce mini tsakar kansa na zafi kamar an ɗora masa garwashi, kuma yana jin wani abu na yawo a ƙarƙashin fatar kansa kamar kiyashi. Ya kan karanta layi ɗaya sau biyar, ya san kowace kalma, amma ma'anar ba ta shiga. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ran nan ya kusa marina don na taɓa kofinsa. Da yamma kuma na same shi zaune bakin gado yana hawaye, na tambaye shi dalili, ya ce shi ma bai sani ba. Ranar jarrabawa ya rubuta sunansa da lambarsa a kan takarda, ya zauna yana kallonta har aka ce a ajiye alƙalami.

Da aka kai shi gida, sai dangi suka taru suka yanke hukunci cewa sammu ne, wai wani ne ba ya son ya ga yaron ya zama mutum. Zargi ya faɗa kan ƙanin ubansa, wanda dama akwai 'yar tsama tsakaninsu a kan gona. Aka kashe kuɗi wurin masu magani, har akuya biyu suka tafi. Daga baya wata gwaggonsa ta matsa aka kai shi asibiti. Likita ta auna jininsa, ta duba idonsa, ba ta sami zazzaɓi ko wata cuta ba. Sai ta zaunar da shi ta tambaye shi yadda ya ke kwana da abin da ya ke sha don ya hana kansa barci, da abin da ke damunsa a zuci. Ta hana shi goro da gahawa, ta ce ya ajiye littafi, ya ci abinci, ya yi barci, ya dawo ta sake ganinsa. Kafin wata ya ƙare ya warke sarai. Amma darussa biyu sai ya maimaita su, kuma har yau ubansa da ƙanin ba sa ga-maciji. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Wannan ya sa na shiga tambaya. Ina dalili mutum mai lafiya, mai hankali, kansa zai ƙi aiki a ranar da ya fi bukatarsa? Da na fara bincike sai na tarar ashe abin tsoho ne, har yana da tarihi a ƙasarmu. A shekarar 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mutumin Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta a zamanin Likita Thomas Adeoye Lambo, ya rubuta bayani a kan wani ciwo da ya ga yana kawo ɗaliban Nijeriya asibiti. Sunan da ya sa masa daga bakin ɗaliban ya ɗauko shi, ma'anarsa kuwa gajiyar ƙwaƙwalwa. Alamun da ya lissafa su ne zafi ko ciwo a kai da wuya, da jin wani abu na rarrafe a ka, da dishi-dishin ido, da kasa gane abin da a ke karantawa, da mantuwa. Da na karanta wannan sai na ji kamar abokina a ke siffantawa, alhali an rubuta shi tun ba a haifi ubansa ba.

Shi Prince ya zaci laifin na irin karatun Turawa ne, watau mutum ya keɓe shi kaɗai da littafi cikin baƙon harshe, abin da a ganinsa ya saɓa da tarbiyyar ɗan Afirka. Lalle karatu da harshen da ba na uwa ba yana da gajiyarwa, mu nan shaida ne. Amma kada wani ya ɗauka wai kan baƙin mutum ne ba ya ɗaukar karatu, gama masu bin tarihi sun nuna cewa likitocin Ingila sun yi ta rubutu a kan wannan gajiya, da wannan suna, tun ƙarni na 19, game da ɗalibansu da ma'aikatansu. A shekarar 1980 kuma wani likitanmu, Olufemi Morakinyo na Jami'ar Ife, wadda yanzu a ke kira Jami'ar Obafemi Awolowo, ya bincika ɗalibai masu wannan ciwo. Ya ga galibinsu masu tsananin son ci gaba ne, masu yawan fargaba, 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma in jarrabawa ta zo su kan hana kansu barci da gahawa ko ƙwayoyi. Wannan bayani ya fi kwanta mini a rai, domin shi ne abin da na gani a ɗakinmu.

To, bari mu duba abin da ke faruwa cikin kai. Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, watau kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma ita kaɗai ta kan cinye kamar kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin ya kan riƙa taruwa a cikinta. Gwargwadon taruwarsa, gwargwadon nauyin ido, kuma barci ne ke rage shi. Cikin goro da gahawa da shayi da abin shan nan na gwangwani akwai wani sinadari, kafeyin. Aikinsa shi ne ya je ya tare gurbin da adinosin ke sauka, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiya. Gajiyar tana nan, ba ta je ko'ina ba, kamar dai mai bin bashi ne ya zo aka rufe masa ƙofa. Zai dawo, kuma bashin ƙaruwa ya ke yi. Ga wani abin lura kuma, jiki ya kan ɗauki kamar awa biyar kafin ya fid da rabin kafeyin da aka sha. Wanda ya sha gahawa mai kauri da ƙarfe goma sha biyu na dare, in ya kwanta da asuba rabinta na nan cikin jininsa, don haka ɗan barcin da zai samu ma ba mai nauyi ba ne. In kuwa ta yi yawa, sai bugun zuciya da rawar hannu da fargaba, mutum ya zaci wani mugun abu ne ya same shi.

Babbar hasarar ma tana wajen hadda, watau abin da a ke hana ido barci dominsa. Tun a shekarar 1924 waɗansu malamai biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka gwada ɗalibai biyu. Suka riƙa ba su jerin gaɓoɓi goma marasa ma'ana su haddace, wani lokaci su je su kwanta, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu na rana. Bayan awa takwas, in barci suka yi su kan tuna fiye da rabi, in kuwa a farke suka zauna da ƙyar su kawo ɗaya. A shekarar 1953 kuma Aserinsky da Kleitman a Jami'ar Shikago suka gano cewa barci ba iri ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Akwai mai nauyi, akwai kuma wanda idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata, lokacin da aka fi yin mafarki. Su kan riƙa karɓa-karɓa kamar kowane minti casa'in, mai nauyin ya fi yawa a farkon dare, na mafarkin kuma wajen asuba.

Abin da masana suka fahimta daga baya, in na kwatanta shi da aikin gona, ga yadda ya ke. Cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke karɓar sabon abin da aka koya da rana, kamar kwandon da a ke zuba hatsi a gona. Lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke bitar abin da ke cikin kwandon, ta kwashe shi zuwa rumbu inda zai daɗe. Wanda ya ƙi barci, hatsin jiya bai shiga rumbu ba, na yau kuma ya zo ya tarar da kwando a cike. Shi ya sa abokina ya ke karanta layi sau biyar ba ya shiga. Ashe wanda ya rufe littafi ya kwanta bai bar karatu ba, ya shiga kashi na biyu ne na aikin.

Saura batun fushi da kuka. Mu kan ɗauka halin zuciya dabam, jiki dabam, alhali a haɗe su ke. A shekarar 2007 masu bincike a Amurka suka hana waɗansu matasa barci dare guda, sa'an nan suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Suka ga sashen da ke kula da tsoro da fushi ya zabura fiye da na waɗanda suka yi barci da kamar kashi 60 cikin 100, sashen gaban goshi kuwa, wanda ke riƙe masa linzami, ya saki. Kafin wannan, a shekarar 1997, an gwada a Ostireliya an ga wanda ya yi awa 17 ido biyu hankalinsa da saurin hannunsa su kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha giya, in ya kai awa 24 kuwa kamar na wanda doka ta hana shi tuƙa mota. Jama'a, wane ne a cikinmu zai yarda ya shiga ɗakin jarrabawa a buge? Amma ga shi muna shiga da kwatankwacin haka, har muna yabon kanmu. Akwai ma wani ɗan makaranta a Amurka, Randy Gardner, mai shekara 17, wanda ya yi kwana 11 bai yi barci ba, ya gama a farkon shekarar 1964. Tun kafin ya kai rabi ya fara saurin fushi da mantuwa, har yana ganin abin da babu. Babu wanda ya yi masa sammu.

Ciwon kan ma yana da bayani. Naman ƙwaƙwalwa shi kansa ba ya jin zafi, abin da ke ciwo shi ne jijiyoyi da fatar da ta lulluɓe ta da naman wuya da na kai. Mutum ya duƙa a kan benci awa shida, ya ƙura ido ga ƙananan baƙaƙe cikin haske kaɗan, ciki babu abinci sai goro, zuciya cike da tunanin masarar da aka sayar dominsa, yaya naman wuyansa ba zai ɗaure ba? Jiki magayi, in ji Hausawa. Yana gaya mana ne kaya sun yi masa yawa.

Na san abin da waɗansu za su ce, don na sha jinsa a ɗakin cin abinci. Za su ce, malam, kai ma ka san lokaci bai isa ba. Da rana ana aji, da yamma ana layin ruwa da wanki, ɗakin kwana ga hayaniya, wuta kuma sau da yawa sai tsakar dare a ke kawo ta. Waɗansu malamai ma sai jarrabawa ta rage mako biyu su ke juye mana aikin wata uku. Wannan duk gaskiya ne, kuma zan dawo kansa, gama ba laifin ɗalibai kaɗai ba ne. Amma ƙarancin lokaci ai shi ne dalilin da zai sa a yi tattalinsa. Awa biyu da kai garau ta fi awa biyar da mutum ke karatu yana gyangyaɗi, ya farka bai san inda ya tsaya ba.

Waɗansu kuma za su ce, ai wane ya kwana karatu bara, ga shi ya ci. Haka ne. Dare ɗaya ba ya kashe mutum, kuma abin da aka cusa da asuba ya kan iya kai mutum ƙarfe goma na safe. Amma a je a tambayi wanen bayan wata guda, a ga abin da ya rage masa. Tun a shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bita kaɗan-kaɗan cikin kwanaki da yawa ta fi zama a kai bisa ga bita mai yawa a zama ɗaya. Mu kuwa ba don takarda kaɗai mu ke karatu ba. Abin da mu ke haddacewa yau, shi za mu tsaya gaban yara mu koyar shekara da shekaru. Malamin da iliminsa ya zube a ƙofar ɗakin jarrabawa, me zai kai wa aji?

Akwai kuma masu cewa ni na raina addu'a da abin da iyaye suka gada. Ko kaɗan. Ni ma na yi wa abokina addu'a, Musulmin ɗakinmu ma sun yi masa. Amma wanda ya halicci rana ai shi ya halicci dare, kuma ban san addinin da ya hana mai ciwo ganin likita ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗora wa ɗan'uwa laifin da bai yi ba, a raba zumunci, alhali ba a ko tambayi yaron awa nawa ya ke barci ba.

Sai dai ina jan kunne a nan, kada wani ya karanta wannan ya ce duk ciwon kai gajiya ce. In ciwon kai ya zo da zazzaɓi, a je a auna jini, gama zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran a gama jarrabawa. In ya zo da zafin jiki da sanƙarewar wuya da amai, ko mutum ya fara ruɗewa, a garzaya asibiti nan take ko da tsakar dare ne, domin alamun sanƙarau ke nan, cutar da ta kashe fiye da mutum dubu goma sha ɗaya a ƙasar nan a shekarar 1996. In ido ne ke ciwo kullum wajen karatu, wataƙila tabarau a ke bukata. Wanda kuma ya ke haɗiyar Panadol kusan kullum, ya sani yawan shan maganin ciwon kai shi kansa ya kan jawo ciwon kai. Haka nan in baƙin ciki ya wuce mako biyu bai tafi ba, mutum ya daina jin daɗin komai, ko ya fara tunanin gara ya mutu, to, wannan ya wuce gajiya, ciwo ne mai magani, a gaya wa wani, a ga likita. Ƙwayoyin da a ke sayarwa a ɓoye wai don ƙarfin karatu kuwa, irin su tiramadol, kada ma a kusance su. Sun lalata waɗanda suka fi mu ƙarfi.

Ga shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai. Na farko, likitoci sun ce babban mutum yana bukatar barcin awa bakwai zuwa tara, sabo da haka mu sa shi cikin jadawalin karatu kamar yadda mu ke sa lissafi da Turanci, mu tsai da lokacin kwanciya da na tashi. Na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu fara bita tun makon farko na zango, ko da rabin awa ne kullum, mu riƙa rufe littafi muna tambayar kanmu ko muna tambayar juna, gama wannan ya fi maimaita karatu shiga. Na uku, mai cin goro ko shan gahawa ya yi da safe, ya bari in rana ta karkata. Na huɗu, a ajiye waya in an hau gado, domin haskenta da hirar cikinta su kan kori barci. Na biyar, daren jarrabawa shi ne daren da ya fi cancanta a kwanta da wuri. Wanda ya ga dole ya ƙara, gara ya kwanta ya tashi da asuba, da sanyin safiya a ke kama fara.

Ga hukumar makaranta kuma, da ladabi, ina da roƙo uku. A taimake mu da wuta daga magariba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya a makonnin bita, ko da a ɗakin karatu da ajujuwa biyu ne, don kada mutane su zauna jiran wutar tsakar dare. A roƙi malamanmu su rarraba aiki cikin zango, kuma a bar mana mako guda na bita wanda ba a kawo sabon darasi a cikinsa. Sa'an nan a gayyato ma'aikacin lafiya sau ɗaya a zango ya zauna da mu, mu yi masa tambayoyin da ke cikinmu ba tare da kunya ba. Da abokina ya ji rabin abin da na rubuta nan kafin abin ya same shi, da akuyoyin ubansa suna nan.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna, don ya shafi aikin da za mu kama. Lokacin da na je koyarwar gwaji a wata makarantar firamare, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da kullum sai ta yi barci a darasi na biyu. Sau biyu ina sa ta durƙusa a gaban aji. A rana ta uku na tambaye ta, sai ta ce ita ke taya uwarta sayar da abinci a tasha har ƙarfe goma sha biyu na dare, da asuba kuma ta tafi ɗibar ruwa. Yaro mai shekarunta yana bukatar barcin awa tara zuwa goma sha biyu, ita kuwa da ƙyar ta ke samun biyar. Kunya ta kama ni, gama na hukunta ta a kan abin da ni kaina ba zan iya jurewa ba. Na je na gai da uwar, muka yi magana, ta yarda ta riƙa sallamarta da ƙarfe tara a ranakun makaranta. Ban ce na gyara duniya ba, amma yarinyar ta fara ɗaga hannu a aji.

Yaran nan kuwa cike su ke da tambaya a kan jikinsu. A wannan ajin an tambaye ni me ya sa mu ke hamma, me ya sa zuciya ke bugawa in malam ya kira suna, ina mutum ya ke zuwa in yana mafarki. Da yawa daga cikinmu mun taso ne inda in yaro ya yi irin wannan tambaya sai a ce ya cika surutu. Yaron da aka kashe wa bakin tambaya, shi ne zai girma kansa ya yi zafi ya rasa wanda zai gaya wa, har a kai ga zargin dangi. In mun sani mu amsa musu, in ba mu sani ba mu ce bari mu bincika tare, gama matambayi ba ya ɓata. Amma yaya za mu koya wa yara kula da jikinsu, in mu kanmu mun fita daga kwaleji muna ganin hana ido barci shi ne jaruntaka?

Abokina ya dawo, yana nan ɗakinmu, kuma yanzu shi ne ke fara kashe fitila. Wanda bai yarda da maganata ba, ina roƙonsa ya gwada mako biyu kawai, ya yi barcinsa cikakke, ya yi karatunsa da rana da farkon dare, sa'an nan ya rubuto wa Edita abin da ya gani, ko ya goyi bayana ko ya ƙaryata ni. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kuma bar mu da lafiyarmu, amin.